Shirin Daren Lahadi: Littafin Aiki daga Nima

Asabar, 11 ga Mayu 2024

Manajan gidan rediyonmu a nan Akra ya amince yau ya ba ni shirin hira, bayan wata biyu ina yi masa sintiri. Minti 45 kowane daren Lahadi bayan isha'i, baƙo ɗaya tak, babu kiɗa a tsakiya, babu kiran waya. A kan kiran wayar muka fi daɗewa. Shi a wurinsa shirin da ba a buɗe layi ba kasuwa ce ba masu ciniki. Ni kuma na gaji da mutanen nan da kowa a Akra ya haddace muryarsu, masu lambar kowace tasha a waya, kowa da jam'iyyar da ke saya masa kati, abin da ya faɗa a nan da safe shi zai maimaita a can da yamma. Ya ce in gwada wata uku. In ba a samu mai talla ba, zai mayar wa masu maganin gargajiya lokacinsu.

Na ja layi huɗu a littafin nan: muhalli, addini, abinci, siyasa. Kowanne mako uku. Kayan aiki kuwa rakoda ce ƙarama ta aro, da makirufo biyu, da wani ƙanina na unguwa da ya iya yanka sauti a kwamfuta. Suna ne dai babu. Duk wanda na kawo sai ya yi kama da sunan shagon ɗinki.

Rediyo ba baƙo ba ne a gidanmu. Tun 1935 aka kafa tashar farko a garin nan, wadda ake kira ZOY, ita ce ta zama GBC, gidan rediyon gwamnatin Gana, kuma Hausa na cikin harsunan da take watsa shiri da su. Kakana ba ya yarda a yi ko tari in an fara labarai. Daga 1995 da tashoshi masu zaman kansu suka shigo, bakin kowa ya buɗe, mun gode Allah, sai dai kunne ne ya toshe. Abin da nake nema shi ne wurin da mutum zai ɗauko magana ya dire ta ba a katse shi ba.

Lahadi, 26 ga Mayu

Shiri na farko ya fita ɗazu. Baƙon ladan ne na wani ƙaramin masallaci a bayan kasuwa, ya fi shekara talatin yana kiran salla.

Muna cikin watan da sarakunan gargajiya na ƙabilar Ga, masu garin Akra, suke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, coci da masallaci kowa an ce ya mayar da lasifikarsa ciki. Na je da niyyar in ji ƙorafi, har na tanadi tambayar da za ta tunzura shi. Sai ya ce, "Ɗana, kakanninmu da suka sauka a nan, wa ya nuna musu wurin kafa bukka? In mai gida ya ce a rage murya wata ɗaya cikin goma sha biyu, baƙon kirki ba ya kai shi ƙara." Na tuna masa da ministan muhalli da ya ba da shawara a 2018 cewa a riƙa kiran salla ta WhatsApp. Ya yi dariya har da tari, ya ce wanda barci ya danne da asuba wace wayar zai buɗe? Amma bai tsaya nan ba, ya juyo kanmu. Kiran salla minti uku ne, in ji shi. Lasifikar bikin aure da ta wa'azin dare har ƙarfe biyu fa, ga mara lafiya a ɗaki na gaba, ga yarinya mai jarrabawa gobe, wannan wane littafi ya yi umarni da shi?

Na dawo zan rubuta shirin a ƙarƙashin addini, alƙalami ya tsaya. Rabin hirar a kan haƙƙin kunnen maƙwabci aka yi. Na sa shi a tsakanin layi biyu.

Litinin, 3 ga Yuni

Yau shekara 9 cif da daren da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum sama da 150 suka rasu. Na je wurin wata baiwar Allah da gidanta ke bakin babbar kwatar da ta bi tsakanin unguwannin Nima da Mamobi, wadda ruwanta ke gangarawa kogin Odaw, daga can ya faɗa tafkin Korle ya shiga teku. Ta zaunar da ni a kan benci ta nuna mini layin da ruwa ya bari a bango, daidai ƙirjina. Ta ba ni labarin yadda take ɗora yara a kan kabad, yadda take ɗaure takardun makarantarsu a leda ta rataya a ƙusa tun watan Afrilu. Ta ce ta san sautin ruwan sama iri biyu: wanda ke sauka a kwano, da wanda ke biyo bayansa, wato ƙarar bokitan shara da mutanen sama ke juyewa a kwata da zarar hadari ya zubo, don ruwa ya kai musu bola kyauta. Ba ta ɗora wa gwamnati kaɗai ba, ba ta kuma wanke ta ba. Ta ce mai kwasar shara kuɗi yake karɓa, wanda bai ci da dare ba kuwa ba zai biya kuɗin bola ba.

Awa guda da minti goma. Na zo gida na sa a kunne, babu komai. Rakodar nan sau biyu ake danna ta: dannawar farko jan fitila ya riƙa ƙiftawa, ta biyu ce ke fara ɗauka. Ni sau ɗaya na danna, na zauna ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na koma na ba ta haƙuri, ta sake. Ba laifi, amma tuwon jiya ne aka ɗumama. Ta riga ta san abin da zan tambaya, ta gyara kalmominta, maganar bokiti ma ta sassauta ta don kada maƙwabta su ji. Haka zai fita. Na manna takarda a bayan rakodar: SAU BIYU.

Litinin, 17 ga Yuni

Babu shiri jiya saboda babbar salla. Da yamma na bi ta bakin kwatar, jini da kayan ciki sun cika ta, ƙuda kamar hadari. Na rubuta wa kaina: baɗi, mako guda kafin layya, a kawo mahauci da limami su zauna tebur ɗaya.

Asabar, 13 ga Yuli

Ƙarfe uku da rabi na dare na isa gidan Hajiya mai koko. Ta riga ta hura wuta. Geron tun shekaranjiya aka jiƙa shi, jiya aka kai inji tare da citta da kanumfari da barkono da masoro, aka tace, aka bar shi ya kwanta ya yi tsami. Ruwan saman ta tsiyaye ta ɗora a babbar tukunya, sai da ya tafasa ta sheƙa shi a kan gasarar tana juyawa da muciya, hannu ɗaya, ɗayan yana korar hayaƙi. Na ajiye makirufo kusa da tukunyar na minti biyar ban ce uffan ba. Ƙanina ya ce wannan sautin shi zai buɗe shirin, na yarda. Gefe 'yarta na sakin ƙosai a mai.

Kafin ƙarfe shida layi ya kai bakin titi: direbobin tirotiro, wato motocin haya, ma'aikatan ofis da taye, 'yan makaranta, Ga da Asante da Ewe. Kowa "Hajiya" yake cewa, har wanda bai iya wata kalmar Hausa ba bayan ita. Na tambaye ta ko ta taɓa lura cewa duk faɗin Gana kokon nan da sunan Hausawa ake kiransa, wacen da ake layi a kansa shinkafa da wake ce tamu aka gutsure sunan, tuwon zafi ma bai canza suna ba. Ta ce, "Malam, ai sun karɓi abincinmu tun kafin su karɓe mu." Na bar ta ta ci gaba da zuba koko. Can ta ƙara da cewa mahaifiyarta ta yi wannan sana'a a wannan lungu, amma da ɗanta ya je yin katin ɗan ƙasa aka tambaye shi garinsu ya ce Nima, sai aka ce a'a, garinsu na asali ake nufi.

Ga abinci ya zama siyasa ban taɓa sitiyari ba. Muhalli ma ya shigo da ƙafarsa, domin kowane koko a leda ake ƙulla shi, a saka a wata ledar. Ta ce zamanin mahaifiyarta ƙwarya ce, mutum ya sha a tsaye ya miƙo a ɗauraye, wace kuma a ganye ake naɗe shi. Yanzu kowa sauri yake, in ta ce ba leda layin zai koma wurin maƙwabciyarta. Ta san inda ledar ke ƙarewa. Gidanta bai fi tafiyar minti biyar ba daga na matar nan mai layin ruwa a bango.

Asabar, 10 ga Agusta

Saƙo biyu a mako ɗaya. Wani dattijo da ya yi zaman Kano ya aiko a gaya mini in daina barin baƙi suna cewa "mata ya zo", wai muna lalata harshe a iska. Wani matashi kuma daga majalisar masu shan ataya ya ce in daina yi musu Hausar gidan rediyon waje, nan Zango ne, unguwar Hausawa da sauran baƙi. Na yanke: ni zan yi tambaya da Hausar da na fi iyawa, baƙo ya amsa da wadda ya sha a nono, da Turancinta da Tuwinta, wato harshen Asante. Ba zan gyara wa kowa baki ba. Tsofaffinmu har gobe Ankara suke kiran garin nan, kuma ba wanda ya ɓata hanya.

Wata uku sun kusa cika. Wani mai shagon shinkafa da mai ya karɓi talla, sau ɗaya a farko sau ɗaya a ƙarshe. Manaja ya ce mu ci gaba zuwa ƙarshen shekara.

Alhamis, 29 ga Agusta

Ruwa ya ɗauke a arewa tsakiyar damina, gonaki sun ƙone. Ranar Litinin gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje. Na leƙa wurin Hajiya ba da rakoda ba. Ta ce olonkar gero, wato gwangwanin awo, ta tashi, sukari ya tashi, gawayi ya tashi, amma ba ta iya ƙara wa ɗan makaranta kuɗi, sai dai ta rage ludayi. Masu saye sun lura, suna yi mata tsiya wai hannunta ya ƙanƙance. Ina neman ɗan kasuwar hatsi mai zuwa Techiman ko Tamale da zai yarda ya bi mana buhu ɗaya daga gona har tukunya, ya faɗi abin da kowane hannu ke ci a hanya, har da na shingayen kan titi. Biyu sun ƙi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Gari ya ɗauki zafi a kan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin ruwa ya fito ya ce a matatar da ke ba Cape Coast ruwa daga kogin Pra, ma'aunin dauɗar ruwan ya kai 14,000 alhali injinan don 2,000 aka gina su. Kogunan Pra, Ankobra, Birim, Offin, duk sun koma kalar kunun kanwa. Jiya da yau matasa na zanga-zanga, an kama da dama. A unguwa kuwa ana maganar kamar ta wata ƙasa ce, an manta cewa kogin Densu da ke cika madatsar Weija, wadda yammacin Akra ke sha, daga dajin Atewa ta fito, daji ɗaya da Birim.

Na samu yaron da ya yi shekara biyu a ramin zinariya a yammacin ƙasar. Sharaɗinsa: ba suna, kuma a sauya murya. Ya kwatanta komai dalla-dalla. Injin da ake kira canfan a kan kwale-kwale yana zuƙo ƙasan kogi, bargon da ake shimfiɗawa ya kama ƙurar zinariya, zaibar da ake murzawa da tafin hannu ba safa, sannan a ƙona dunƙulen a kan gawayi, hayaƙin ya tashi, kowa ya matso don ya ga abin da ya rage. Ya ce ba wanda ya taɓa gaya musu hayaƙin nan ne gubar. Ya ga rami ya rufta da mutum uku.

Nan na yi tambayar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ce, "Ƙanina, ba ka ganin haramun ne ka ɓata ruwan da jama'a ke sha?" Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka taɓa neman ɗaki aka ce ka kawo kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule?" Sannan ya ce katafilar da ke ture daji ba irinsu ke sayenta ba, kuma ba ta sama take faɗowa ba, a kan titi ake jan ta, ta wuce shinge bayan shinge. Ƙanina mai yanka sauti ya ce a cire tambayata don ta sa na yi kama da mai wa'azin kasuwa. Na ce a bar ta. In aka cire ta amsar ba ta da abin da za ta doka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Shekaranjiya Juma'a 'yan Katolika sun yi tattakin addu'a a cikin gari a kan galamse, da limaman cocinsu a gaba. Na kai wa wani malaminmu na zaure wannan labari na ce mu fa? Ya karanto ayar Suratur Rum, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ya kawo hadisin da ya hana almubazzaranci da ruwan alwala ko da mutum a bakin kogi mai gudu yake. Na tambaye shi alwala da ruwan Pra fa? Ya ce Risala ta yi rangwame ga ruwan da ƙasar wurinsa ta sauya masa launi, amma ƙasar da take nufi ba wadda katafila ta tono aka zuba mata zaiba ba ce. Da na ce to me ya sa ba mu cika jin wannan a huɗuba ba, ya gyara rawani, ya ce masallaci da siminti ake gina shi, siminti kuwa da kuɗi, kuma ba kowane mai kawo gudummawa ake tambaya ina ya samo ba. Bayan mun gama ya kira ni ya ce in cire wannan jimlar. Na cire. Haƙƙinsa ne, amma ta yi mini ciwo.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Wani ɗan takara ya aiko yaronsa da takarda mai tambayoyi takwas da ake so in yi, da ambulan a ƙarƙashinta. Na mayar da duka biyun. Manaja bai ji daɗi ba, lokacin zaɓe ne lokacin girbin tashoshi. Mun daidaita: su sayi lokacinsu daban, daren Lahadi ba na sayarwa ba ne. Layin siyasa a littafina har yau ba ɗan siyasa ko ɗaya a ciki.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na zaɓi ranar da gangan. A rana irin ta yau a 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Baƙona tsoho ne da aka haifa a nan tun ana ce mata Gwalkwas, mahaifinsa fatake ne na goro. Lokacin yana yaron mota. Ya ce mutane sun sayar da gida kuɗin akuya, wasu sun bar mabuɗi a hannun maƙwabci wai za su dawo bayan salla. Motarsu ta yi ta jigila zuwa iyaka, a kan kaya mutane, a kan mutane yara. Wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya hau ɗaya daga cikin motocin da matarsa, zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba.

Na ce, "Baba, kun sake haɗuwa?"

Shiru. Ana jin fanka, ana jin akuya a waje, ana jin carbinsa. Daƙiƙa 19 a kwamfuta. Sannan ya ce, "Wasiƙa biyu."

A kan wannan shirun muka kai ruwa rana. Ƙanina ya ce a rage shi zuwa daƙiƙa uku. Manaja ya ce mai sauraro zai zaci wuta aka ɗauke ya murɗa wata tasha. Na ce in za a taɓa shi gara a fasa shirin gaba ɗaya. A wata shida da na yi ina wannan aiki ban samu amsar da ta kai wannan shirun ba, kuma da a watan Mayu ne da ni da kaina na cike shi da wata tambayar.

Daga baya na kawo masa zancen da ke bakin kowa a Zango bana: jam'iyyar da ta gaji gidan Busia ita ce ta tsayar da Musulmi, Mahamudu Bawumia, takarar shugaban ƙasa, ita ce kuma ta kafa asusun raya Zango a 2017, ga John Mahama a ɗaya ɓangaren, wanda jam'iyyarsa ta daɗe tana cin akwatunan Nima. Ya ce, "Ɗana, na yafe tun tuni. Amma yafiya daban, mantuwa daban, ƙuri'a kuma ita ma daban." Bai faɗi wanda zai zaɓa ba, ban kuma tambaya ba.

Talata, 10 ga Disamba

An yi zaɓe ranar Asabar. Da safiyar Lahadi Bawumia ya fito ya amince da shan kaye tun kafin hukumar zaɓe ta sanar, Mahama ya ci da sama da kashi 56 cikin ɗari. Daren Lahadin babu mai jin rediyo a Nima saboda hon ɗin babura, sai muka maimaita hirar Baba Ladan.

Shirin tsohon ya fita da shirunsa cikakke ranar 24 ga Nuwamba. Mata biyu sun zo tasha washegari, kowacce da labarin nata wanda ya hau mota. Na karɓi lambobinsu.

An ɗauki hira 21, an watsa 19, ɗaya ta salwanta, ɗaya mai ita ya janye. Layukan nan huɗu na daina cika su tun Agusta, yanzu sunan unguwa da sana'ar baƙo kawai nake rubutawa. Manaja ya ce za mu zauna bayan Kirsimeti a kan baɗi, ya kuma sake tayar da zancen buɗe layi, ko minti goma ne a ƙarshe. Ban ba shi amsa ba.

Abin da ke gabana: 'yan albasa da aka tayar daga kasuwar Agbogbloshie a 2021 aka kai Adjen Kotoku a bayan gari, ina son su ba da labarin watannin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023. Yarinya 'yar kayaye, wato mai dako a kasuwa, amma sai na samu mai fassara Dagbanci, mace. Faston da ya yi tattakin Oktoba, in zai yarda ya zauna da malamin zaure. Ƙanina na ta matsa mini in rubuta wa ofishin babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, in tambaye shi ranar da ya shiga cocin Katolika a bikin Ista na 2019 yana cika shekara ɗari. Na fara wasiƙar sau uku, ban wuce sallama ba.

Alhamis da asuba zan kama motar Adjen Kotoku. Batir huɗu, da kuɗin mota, kuma in tuna in mayar wa mai rakoda kayansa ko in biya shi, ya fara gaishe ni da sanyi-sanyi.